Ranar da Baba Ya Raka Ni Gyaran Saba

Baba ya daɗe yana gyaran rediyo da talabijin a wata 'yar rumfa a Badarawa, kafin hawan jini ya kwantar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai hannunsa na dama ya koma rawa, dole ya rufe rumfar ya zauna gida. A gindin teburinsa na koyi riƙe sukundireba. Daga baya na yi karatun kwamfuta, na zama mai kula da injinan wasu makarantu. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake ce mini Uwata.

Wata damina tsawa ta ƙona sabar wata makaranta a Malali. Saba ita ce babbar kwamfutar da duk kwamfutocin ɗalibai suka dogara da ita. In ta tsaya, ɗakin kwamfuta gaba ɗaya ya tsaya. Da na duba, na tarar madabod ne ya tafi, wato faffaɗan allon nan na ciki da kowane sashe ke maƙale a jikinsa. Na sa aka aiko mini da sabo daga Legas. Ranar da ya iso, na biya gida gaishe da iyayena da kwalin a hannuna.

Baba na zaune a kan tabarma, ya yi shiru irin wanda ya saba yi tun bayan ciwon.

"Me ke cikin kwalin nan, Uwata?"

Na buɗe masa. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Wannan ai gari ne guda, ga tituna, ga unguwanni." Sai ya ɗaga murya. "A miƙo mini hulata!"

Umma ta leƙo daga kicin. "Malam, ina zuwa kuma?"

"Aiki," in ji shi.

Muka tari Keke har Malali. Shugabar makarantar, wata Hajiya mai fara'a, ta sa aka kawo masa kujera a bakin ƙofa. Ya ja abarsa har gaban tebur. Na zare wayoyin wuta, na buɗe murfin injin, na ɗauki hoton yadda kowace waya ta zauna don kada in ruɗe wajen mayarwa. Duk notin da na kwance, a tafin hannunsa na hagu nake ajiyewa, ya rufe shi gam.

Da na ciro tsohon allon, ya karɓa ya kai hanci.

"Ƙaurin nan dai bai canza ba," ya ce, yana murmushi kamar ya haɗu da tsohon aboki.

Na zaunar da sabon. Na ɗauko furosesa, ɗan ƙaramin abin da ke yi wa injin tunani, na ɗora a gurbinsa a hankali, na ɗiga masa man da ke hana shi zafi. Na jera katunan ram, waɗanda ke riƙe wa injin abin da yake aiki a kai. Baba sai waige-waige yake yi.

"Ina dalmar?"

"Babu dalma a wannan aikin, Baba. Sakawa kawai ake yi."

"Gyara ba dalma? To, Allah ya kyauta."

Da ya rage noti ɗaya, na miƙa masa sukundireba. Ya dubi hannunsa, ya dube ni. Bakin sukundireban ya yi ta zamewa daga kan notin, sai na ɗora hannuna a kan nasa, muka murza tare har ya ɗaure. 

Na danna maɓalli. Fankoki suka ɗauki ƙugi, amma fuskar kwamfutar ta tsaya baƙi ƙirin, injin na ta ɗan kuka tit, tit. 

"Ɗan mare ta a gefe," in ji Baba. "Rediyo ma in ta yi gardama haka muke mata."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Baba, a rufa mini asiri!"

Dariya ta kama ni har da hawaye. Na kashe, na bi katunan ram ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, sai ɗaya ya ce ƙas, ashe bai zauna daidai ba. Na sake kunnawa. Saba ba ta gaggawar tashi, muka yi tsaye cirko-cirko. Can sai rubutu ya fara gudu a fuskarta. Hajiya ta kunna kwamfutar ɗalibai ta kusa da ita, ta ga ta haɗu da sabar, ta rangaɗa guɗa ta manta a ofis take. Baba ya yi kabbara, ya cire hula ya mayar.

A hanyar komawa yayyafi ya sauko. Ya sa mai Keke ya tsaya muka sayi gasasshiyar masara, yana ci yana ba mutumin labarin aikin tun daga farko.

Muna shiga gida ya ce wa Umma, "Mun gyara."

"Kai me ka yi a ciki?"

"Ni ne mai noti. Tambayi Uwata in ko ɗaya ya ɓata."

Ranar sai da ya nemi ƙarin tuwo. Umma ta zuba masa, ta juyo ta dube ni, ta ce gobe ma in akwai aiki in biyo ta gida.