Ƙararrawar Keken Baba Tsoho

Jiya wani mai babur ya danna mini hon a bakin titi. Nan take na tuna ƙararrawar keken kakana, wanda muke kira Baba Tsoho.

Baƙin keke ne ɗan Ingila, na rantse ya girmi babana. Nauyinsa kuwa, sai ƙarti biyu sun yi bisimilla kafin su ɗaga shi. Bayan girbi, idan gero ya shiga rumbu, yakan jingine shi a gindin tsamiya wajen amininsa mai gyaran keke, su wuni suna musu a kan ƙarfe. Su shafa sirdin fata mai warin man gyaɗa, su murza feda su ga wadda za ta riga tsayawa, su gwada birkin ƙarfe da na waya irin na yanzu. Shi Baba Tsoho ba da ido yake duba ƙarfe ba. Ɗalla masa yatsa yake yi, ya kara kunne.

"Na kirki sallama yake yi, ya jira amsa," in ji shi. "Na zamani tari kawai ya iya."

Ni kuwa ƙyalli kaɗai na sani. Ƙararrawar tasa ta tagulla ce, duk ta dafe. Wata rana yana barcin rana na kwance ta, na musanya da ta ɗan maƙwabtanmu, sabuwa fil 'yar China, kana ganin haƙoranka a jikinta. Wai ni gwaninta na yi.

Da safe ya kalle ta, ya kalle ni, ya ɗaure buhun wake ya kama hanyar kasuwar Dawanau. Da la'asar ya dawo, ya kaɗa a ƙofar gida. Shiru. Tun kafin a haifi babana, wannan ƙarar ce ke fito da kakata zaure da kwanon ruwa. Ya kaɗa, ya sake kaɗawa, gumi na zuba. Can ta leƙo.

"Au, Malam, kai ne? Na zaci mai kayan koli ne."

Ya nuna ni. "Tambayi mijin naki, shi ya canza mini murya."

Gudun da na yi ran nan ko zomo sai ya sara mini. Sai da na haɗa da danƙon harbina kafin yaron ya dawo da ita.

Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Yanzu babura sun cika gindin tsamiyar, keken kuma 'yan gwangwan sun ɗora shi a sikeli. Amma na riga su, na sake sace ƙararrawar.

Hutun da ya wuce na kaɗa ta a zaure, don tsokana. Sai ga kakata da kwanon ruwa a hannu. Ta tsaya tana kallon inda yake jingine keken. Ba na jin ƙishi, amma na karɓa na shanye tas.

"Ja'iri," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi. "Sake kaɗa ta."