Likkafanin da Telan Peckham Ya Ba Ni Ajiya

Duk wanda ya san ni ya san ba na ɗaukar magana da nauyi. Matata na cewa ko ranar ɗaurin aurenmu sai da na sa liman ya ƙware don dariya. To, a duk faɗin London, ni wani tsoho ya zaɓa ya ba ni ajiyar likkafaninsa.

Tela ne, mutumin zangon Kumasi ta ƙasar Ghana. Na san shi a ƙarshen shekarun tamanin, lokacin ina zaune a unguwar Catford ina tuƙin minicab, wato ƙaramar tasi. Shagonsa wani lungu ne a bayan shagon kitso a titin Rye Lane da ke unguwar Peckham, ƙanƙani har idan na shiga da wannan tumbi nawa sai iska ta fita ta jira a waje. Shi ke mana ɗinkin salla. Muna ce masa Baba, shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba sai ɗan Najeriya.

Baba ba ya zura zare a allura sai ya ambaci Annabi Idirisu. Uban teloli yake ce masa. Kafin zuwansa, in ji Baba, fata mutane ke ɗaurawa. Shi ya fara ɗinka tufa, shi ya fara rubutu da alƙalami. Allah ya aiko shi ga mutanen da suka biyo hanyar Ƙabilu, wanda ya kashe ɗan'uwansa, ya yi ta kiransu su bar ɓarna su bauta wa Allah ɗaya, kaɗan suka bi shi. Kuma bai taɓa soka allura ya zare ba sai da tasbihi.

Na ce, "Baba, ai da ya samu keken ɗinki irin naka, da mala'iku sun nemi hutu saboda rubutun lada."

Ya ce, "Ɗan Najeriya, wannan bakin naka shi zai ja ka."

Wata la'asar ta hunturu, ƙarfe huɗu amma gari ya riga ya yi duhu, na je karɓar wandona. Na tarar an lulluɓe keken, Baba na ɗinki da hannu. Farin alawayyo ne a cinyarsa. Na tambaye shi wa ya rasu. Ya ce ba kowa tukuna.

Na zauna a kan buhun ƙyallaye. Bai ɗago ba ya ce, "Ka san inda aka ɗauki ran Annabi Idirisu?"

Na ce ni dai na ji Allah ya ɗaukaka shi wuri mai tsawo.

Ya ce haka ne, amma akwai ƙissa, Allah ne masani. Annabi Idirisu yana da aboki cikin mala'iku. Ya roƙe shi ya yi masa magana da mala'ikan mutuwa a ƙara masa kwana, don ya ƙara aikin alheri. Abokin ya goya shi a tsakanin fukafukansa suka yi sama. A sama ta huɗu suka ci karo da mala'ikan mutuwa yana saukowa. Ya ce musu abin mamaki, an umarce shi ya ɗauki ran Idirisu a sama ta huɗu, yana ta tunanin ta yaya, tunda mutumin yana ƙasa. Sai ga shi an kawo masa shi har wurin.

Baba ya ciji zare. "Ni ma da ƙafana na hau jirgin ruwa, wai na zo neman ƙari. Ashe Peckham aka rubuta."

Na gyara zama a kan buhun. Injin busar da gashi na ta kuka a shagon gaba.

A ranar ya gaya min abin da ke cinsa. Matarsa Baturiya ce, ta rasu shekara uku da suka wuce. Ɗansu ɗaya, kuma shi ya shirya komai na jana'izarta. Baba ya ce sun zauna a wani ɗaki mai kujeru kamar silima, akwatin yana gaba, aka sa kiɗa, wani labule ya rufe a hankali. Da suka fito ya ɗaga kai ya ga hayaƙi: ƙone gawar aka yi.

"Matana ke nan ya tafi sama," in ji shi, da irin Hausarsu ta zango. "Yaron nan haka zai yi mini. Bai san wani abu ba sai wannan."

Bayan sati ya miƙo min ƙunshi a cikin leda, da wata takarda da ya rubuta wasiyyarsa: a yi masa wanka, a sa masa wannan, a yi masa salla, a sa shi a ƙasa. Na ce me ya sa ni, ga malamai, ga alhazai? Ya ce, "Su suna da kunya. Kai ba ka da ita. Kai za ka iya yi wa Bature surutu har ya gaji."

Matata ta ce wallahi abin nan ba zai kwana a ɗakinta ba. Na ɗora shi a saman kabad ɗin da ke barandar ciki. Leda ce kawai, amma duk wanda zai wuce wurin sai ya rage murya. Ni da kaina, mai minsharin da maƙwabta suka taɓa kai ƙara council, hukumar unguwa, na koma taka ƙasa a hankali a nan.

Shekara biyu tana wurin. Mutum kuwa yana sabawa da komai. Baba ya fara tari, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, ni kuma na ci gaba da zolayarsa, ina cewa zai binne mu duka. Bayan wata babbar salla aiki ya yi yawa, na yi wajen wata biyu ban leƙa ba.

Ranar wata Litinin na biya. Mai kitson, wata 'yar Ghana, tana ganina ta ajiye matajin da ke hannunta. Ta ce motar asibiti ta ɗauke shi kwana tara da suka wuce, ya cika ranar Juma'a. Ta nemi lambata ba ta samu ba. Ɗan ya zo ya kwashe kaya, ya ce mata ya yi booking, ranar Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya.

Na ce, "Booking na me?" Ta ce na wurin ƙone gawa.

Daga Peckham zuwa Catford da dawowa asibitin, ban san ko tayoyina sun taɓa kwalta ba. Na ajiye takardar a gaban matar da ke ofishin gawa kamar mai ajiye hukuncin kotu. Ta ɗauka, ta juya ta sama ta koma ƙasa, ta sake juyawa. Sai a lokacin na lura da abin da na shekara biyu ban lura da shi ba. Da ajami Baba ya rubuta. Ba shaida, ba sa hannun kowa. A wurinmu takardar da ta fara da bisimilla ta gama magana. Matar ta ce min, da ladabi ƙwarai, magana tana hannun ɗansa.

Flat ɗinsa na hawa na goma sha huɗu, lif ya lalace. Na hau da ledar a hammata, ina tsayawa kowane hawa ina yi wa kaina addu'ar kada a haɗa mu biyu ranar Alhamis. Ya buɗe ƙofa: dogo, ɗan wajen shekara arba'in, direban bas, da goshin Baba sak. Yana jin Hausa sama-sama, amma da Turanci yake amsawa.

Na yi surutu. Na kawo Annabi Idirisu, na kawo allura, na kawo sama ta huɗu. Ya bar ni har na ƙare, sannan ya ce ya san labarin, da shi aka yi masa reno, kuma ya fi jin sunan annabin nan a bakin ubansa fiye da sunan uwarsa. Ya nuna min wata 'yar tukunya mai murfi a kan talabijin. Ya ce tokar uwarsa ce. Ta shekara talatin tana jiran mutumin nan ya dawo daga shago. Kafin ta rasu ta roƙe shi abu ɗaya, kada a raba su. Niyyarsa ya haɗa tokar biyu wuri ɗaya.

Na kwance ledar na shimfiɗa farin a kan kujera. Ya daɗe yana bin ɗinkin da yatsa, ƙanana, a jere, ba wanda ya fi wani. Ya tambaye ni wata nawa uban ya yi yana wannan. Na ce sati ɗaya. Ya ce bai taɓa ɗinka masa ko wandon makaranta ba.

Sannan ya ce, "Zan yi cancel ɗin booking ɗin. Amma ita ma za ta shiga tare da shi."

Na san abin da liman zai ce. Na san abin da dattawan zango za su ce, su da sun riga sun fara taruwa a masallaci. Ranar Alhamis kuwa saura kwana biyu da 'yan awoyi. Na ce masa, "Ɗana, ni ban ji ka ba. Ka dai yi waya."

Ranar Laraba muka yi masa wanka. Likkafanin ya yi masa yawa, sai da muka ninka. Aka yi salla, muka kai shi ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a bayan gari, ana yayyafi, ƙasar baƙa mai danƙo. Muka jeru kowa na zuba ƙasa tafi uku. Ɗan yana gabana cikin baƙar kwat. Bai sunkuya ya ɗebi ƙasa ba. Ya sa hannu a aljihu sau uku, abin da ya zuba kuma fari-fari ne kamar toka, ruwan sama ya jiƙa shi nan take. Liman yana kallon wani wajen yana addu'a. Na yi maza na cika hannuwana biyu da ƙasa na zuba a kai, na bayana ya matso.