Injiniyar Mahauta

A tashar Parakou, gefen motar firigo, mai sanyaya nama tana kai shi Djougou, wata mata na tsaye da hular injiniya bisa hijabi. Lissafi take: awa nawa kafin naman ya yi sanyi? Zafi kuwa da gudu yake fara sauka, sannan ya yi ta jan ƙafa. Ta gwada awa uku a wayarta, ya yi yawa. Biyu ya kasa. Tana matse tsakani kamar mai tayin bijimi a kasuwar shanu ta kara. Na rantse 'yar mahauta ce.

"Baba, awa biyu da minti arba'in. Kafin nan kar a buɗe," ta ce wa wani tsohon mahauci da ya kama ƙofar motar.

Tsohon mahaucin ya janye hannunsa daga ƙofar, ya waiwayo mu da ke tsaye a wurin duka. "Kun dai ji injiniyarmu!"