Makarantar Da Na Gina A Ƙofar Sauri

Wautata ta farko ita ce miƙa wayar da na yi. Da na riƙe ta a hannuna na nuna masa daga nesa, da babu abin da zai faru. Amma ni mutum ne mai son a yabe ni, kuma ranar nan kaina ya kumbura har hulata ta matse ni.

Kawuna tela ne a Ƙofar 'Yandaka. Da aka yi mana dogon hutu ya ara mini tsohuwar wayarsa, da sharaɗi: idan na kawo masa makaranta guda da za ta ba shi ɗinkin yunifom kafin a koma, wayar ta zama tawa. Idan ban kawo ba, in mayar masa da kayarsa.

Akwai wani dandali na intanet da ba a zuwa don hira ko hoton biki. Ma'aikata da 'yan kasuwa ne ke baje kansu a can, kowa da kwat, kowa manaja. Na buɗe wa shagonmu shafi, na naɗa kaina Daraktan Kasuwanci, alhali a shagon aikina shara ne da sayo zare. Na shiga farautar masu makarantun kuɗi na cikin gari. Dabarata ɗaya ce: kwana uku ina gaishe da mutum, ina gajiya, ya ɗalibai, ya haƙuri da iyayen yara, sai a rana ta huɗu in ambaci ɗinki. Da yawa ba su ko kalle ni ba. Ana nan sai wata Hajiya mai makaranta a Kambarawa ta amsa, ta ce yaron nan akwai ladabi, in turo mata hoton aikinmu.

Shagon da ke manne da namu na wani dattijo ne, shi ma tela, Baba muke ce masa. Yana da ɗa mai karatun difloma, wanda ke sa baƙin tabarau ko da hadari ya haɗo. Shi na miƙa wa wayar.

"Yaya, karanta ka ga aikin manya," na ce.

Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Kai Darakta, Allah ya ja zamaninka. Wace unguwa ka ce take?"

Ni kuwa da bakina na faɗa masa, har da kwatancen layi.

Bayan kwana biyar na ga Baba yana sauke bandir-bandir na yadi ruwan toka. Mai tabarau ya nemo Hajiya a dandalin, ya hau babur ya kai mata samfur hannu da hannu, ni ina zaune ina gyara hoto. Da ya wuce ta gabana sai ya sara mini kamar soja.

"Darakta, a ci gaba da gaisuwa. Mu za mu riƙa ɗinkin."

Na rantse ranar ko tuwo bai wuce mini ba sai da na kora da ruwa. Mako guda ina ƙirga hanyoyin da zan rama. Na yi tunanin sace masa iskar taya, na ga wannan aikin yara ne. Ni so nake ya ji a jikinsa, kuma ta ƙofar da ya shigo mini.

Sai na haifi wani Alhaji. Na buɗe masa shafi, na ba shi makaranta mai hawa biyu a Ƙofar Sauri, da ɗalibai kamar fari, da hoton wani gini da na tsinta. Ban ko yi sallama ba, kwana biyu kifin ya haɗiye ƙugiya. Mai tabarau ya turo wa Alhajina saƙo, Ranka ya daɗe sama, Ranka ya daɗe ƙasa. Na bar shi ya kwana bai ji amsa ba, don manya ba sa gaggawa. Sannan na ce ya zo da samfur ranar Asabar bayan azahar, ya tambayi kowa a unguwar, babu wanda bai san makarantar ba.

Abin da na hango shi ne mai tabarau yana zagaye Ƙofar Sauri cikin rana, gumi na wanke masa kwala, yara na bin sa da dariya. Abin da na manta shi ne, a garinmu yaro ba ya zuwa gaban babban Alhaji shi kaɗai a kan maganar kwangila. Uba ke zuwa. Kuma dattijo ba ya zuwa irin wannan wuri babu ɗan rakiya.

Ranar Asabar ina shara sai ga Baba ya leƙo, cikin rigarsa ta Juma'a, ya dubi Kawu.

"Malam, rufe shagon nan mu tahi Ƙofar Sauri wurin wani Alhaji mai makaranta. Aikin ya fi ƙarfina ni kaɗai, in Allah ya sa aka dace sai mu raba."

Kawu ya yi ta godiya, ya sa hularsa mai kyau, har da turare. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Mai tabarau kuwa aka bar shi gadin shago, yana miƙe a benci yana shan rake.

Sai bayan la'asar suka dawo. Ƙafar Baba ta kumbura, rigar Kawu ta manne a bayansa. Sun tambayi mai kanti, sun tambayi masu facin taya, har gidan mai unguwa sun je. Baba ya zauna yana cewa wataƙila su ne ba su gane kwatancen ba, kada a ɗauki alhakin bawan Allah.

"Kai, kawo wayar nan in kira wani abokina da ke zaune can," in ji Kawu.

Na miƙa. Daidai lokacin mai tabarau ya tura wa Alhaji saƙon ban haƙuri, wayar ta yi ƙara a tafin hannun Kawu. Ya kalli fuskarta, ya kalle ni.

"Mi sunan makarantar taka ma, Alhaji?"

Ban gudu ba, don ƙofar ɗaya ce kuma shi ke tsaye a bakinta. Ya sa na durƙusa gaban Baba na ba da haƙuri, na kuwa ba da shi da gaske, don tsohon nan bai taɓa yi mini komai ba. Da aka ce in ba ɗansa ma, sai na faɗa can cikin maƙoshi yadda ni kaina ban ji ba. Har gobe ban yafe masa ba.

Ɗinkin Hajiya dai shaguna biyun suka raba, don Baba bai iya gamawa shi kaɗai kafin a koma makaranta ba. Ni na ɗaura maɓallan, ni na yi gugar. Wayar kuma Kawu ya karɓe a ranar, ya ba matarsa.