Kumburin Ɗakin Inna

Ƙanena a ƙasar waje yake aiki, auna duwatsu masu aman wuta. Ni kuwa daga aji biyu na sakandare aka cire ni na koma gona a Kiyako, don shi ya ci gaba. Ban ce ba shi da ƙwaƙwalwa ba, yana da ita.

Shekarar da ya zo hutu, daɓen ɗakin Inna ya kumbura, bango ya tsage har kana hango haske. Inna ta ce ba inda za ta, a nan ta haife mu.

Na ce masa, "To masani, mene ne a ƙarƙashi?"

Ya jawo tabarma ya cusa dunƙulen hannunsa ƙarƙashinta. "Yaya, ka ga ta yi tsini? Abin da ke turo ta yana kusa ke nan. Da yana can ƙasa, tudun zai yi faɗi ya kwanta. Haka muke yi da dutse. Ba ma ganin wutar, tashin ƙasa muke aunawa, mu kintaci zurfinta da ƙarfinta."

"Kintace? Duk karatun nan na kintace ne?"

Inna ta ce, "Ƙyale shi, ɗan duban Turawa ne."

Ya ɗaure igiya daga bango zuwa bango, ya bi ta da kara yana gwadawa. Ya ce tudun mai faɗi ne, ba saiwa ba ce, ba gara ba ce, laka ce can ƙasa take shan ruwa tana tashi, haƙa ba zai yi magani ba. A fitar da Inna kafin damina ta kankama. Daga nan ya hau mota a Birnin Kudu ya yi tafiyarsa.

Ni aka bari da fitarwar. Ni na ɗauko gadonta tana kuka, maƙwabta suna leƙe, ana cewa na kori uwata. Na ba ta ɗakina, na koma zaure ni da sauro.

Da ruwa ya yi ƙarfi bangon ya rufto, daidai inda Inna take kwanciya a da.

Aka kira ƙanen nawa a waya, Inna ta karɓa tana ta sa masa albarka, wai ya ceci ranta. Ni kuwa har yau in na kai mata abinci, sai ta tuna mini yadda na karya mata ƙafar gado.