Yacouba da Gyaran Tsirkiya

Yacouba mutumin Maraɗi ne, direban tasi, maƙwabcinmu a garin Landover, nan ƙasar Turawa. Allah ya ba shi kunne. A garinsu katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na wani mai goge, shi ya sa ko a rediyo makaɗi ya kuskure sai ya kama shi. Ga taurin kai, ba a magana. Da ɗiyarsa Hairat ta ce kiɗa za ta karanta a jami'ar da ke College Park, gogen Turawa ma kuwa, shekara guda ya yi bai tambaye ta ya karatu ba.

A 2012 ta roƙe shi ya zo wasan ɗalibai. "Baba, akwai wurin da zan kaɗa ni kaɗai. Don Allah ka zo ka ji ni ko sau ɗaya."

Ya saka shaddarsa ya tafi. Makaɗa suka cika dandamali, kowa ya ɗan gwada kayansa, wani mai ƙaramar sanda ya fito ya tsaya gabansu. Abin da Yacouba bai sani ba, kiɗan da aka zaɓa ranar ba shi da karin da baki zai bi, ba shi da bugun da ƙafa za ta kama. Sarewa ta haura sama ta maƙale, ƙahoni su yi gurnani, goge goma su yi ƙara kamar ƙofar da ba ta sha mai ba. Sai tsit, sai komai ya fashe lokaci guda. Da gangan aka tsara shi haka don ya nuna firgici, kunne yana ta jiran sauti ya koma gida amma ba ya komawa.

Shi kuwa gwanin namu ya ɗauka har yanzu tsirkiya suke gyarawa, mai sandar yana taya su daidaitawa. Magariba na neman wucewa, ya ce a ransa kafin su kintsa ya idar da salla. Ya sulale waje, ya sami lungu ya yi. Da ya dawo, mai tsaron ƙofa ta ce sai an kammala. Ta bayan ƙofa ya ji tafi.

Ni kaɗai ya faɗa wa, kuma har yau idan ya tuna kunya da baƙin ciki ne ke rufe shi. Ya ce a mota Hairat sai murna take.

"Baba, ka ji ni?"

"Na ji ki, ɗiyata. Madalla."

"Na tsorata da aka zo wurin da zan kaɗa ni kaɗai. Fitilu sun hana ni ganin kowa, sai na juya wajen kujerarka na ce ai Baba yana nan. Shi ke nan na natsu."

Yacouba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya zuba wa hanya ido.