Gambo da Gidan da Ba a Amsa Sallama

Allah ya jiƙan Gambo mai wankin hula na Yakasai, ya sa ya huta, tunda a duniya bai yarda ya huta ba. Abokina ne tun muna aji ɗaya a firamare. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa ciwon suga ne ya ɗauke shi, kuma haka likita ya faɗa. Ni Audu tela da na zauna da shi har ƙarshe, na san akwai ƙari a kan wannan maganar.

Gambo bai iya zama ba. Idan aka yi haihuwa a Gwammaja, yakan riga mahauci isa gidan. Idan rasuwa ce, shi zai nemo makara, shi zai faɗa wa dangin da aka manta. Matar wani ta yi yaji, Gambo ne ɗan biko. Za ka je rumfarsa ka tarar da huluna a jere suna shan rana, mai rumfa babu shi, maƙwabta su ce maka ya tafi dubiya. Kuma duk a ƙasa yake zuwa. Ba ya hawa acaɓa, wai babur yana wuce mutane da kai ba ku gaisa ba. Tafiyar da wani zai yi kafin shayi ya huce, Gambo sai ya ci rabin yini a kanta, don kowane mai tebur sai ya ji lafiyar iyalinsa har da ta surukai.

Bayan sojoji sun koma bariki aka shiga harkar zaɓe, sai aikinsa ya ninka. Ƙaninsa Salihu ya maƙale wa wani mai neman kansila, Gambo kuwa ya bi lungu-lungu yana roƙa wa mutumin ƙuri'a. Aka ci zaɓe, Salihu ya yi tumbi ya yi mota ya tashi daga cikin gari. Gambo kuma ya samu gyambo a tafin ƙafar dama, irin na masu suga, wanda ba ya jin magani.

Ni na raka shi asibiti. Likitan bai ɓoye masa komai ba.

“Malam Gambo, ka ɗora ƙafar nan a kan matashi har ciwon ya rufe. In ka ci gaba da taka ta za mu yanke ta, shi ma in ka zo da wuri.”

“To likita, ko masallaci?”

“Ka yi a zaune a gida.”

“Idan aka yi rasuwa fa?”

“Ka yi musu addu'a daga inda kake, za ta isa.”

Matarsa Zaituna ta shimfiɗa masa katifa a soro don masu dubiya su riƙa samunsa. Masu dubiyar suka zo a makon farko, aka sha lemo, daga nan ƙafa ta ɗauke. Mutumin da ya taka ƙofar kowa a unguwar ya koma kallon ƙudaje. Kullum na leƙo daga shagona sai in tarar yana laluben takalminsa da ido, har Zaituna ta ɗauke su ta ɓoye.

Sai ga direban Salihu da talabijin da na'urar gem, irin wasan nan da ake yi a talabijin, a kwali. Salihu bai zo ba, amma ya bugo waya, ni na riƙe wa Gambo ita a kunne.

“Yaya, wannan shi duk 'ya'yan manya suke yi yanzu. Duniya ce guda a cikinsa. In ka fara, wallahi sai an tashe ka sallah.”

“To na gode. Kai yaushe za ka shigo?”

“Ina nan tafe, Yaya, mitin ne ya yi yawa.”

Ni da Zaituna muka ga wannan ita ce dabarar da ta rage mana. Idan abin nan ya shiga ransa, ƙafa za ta zauna a kan matashi. Idan bai shiga ba, mun san sauran. Don haka na mayar da shi aiki, ina rufe shago bayan la'asar in zo in karanta masa Turancin da ke fitowa, da ɗan abin da na tsira da shi daga sakandare.

Gaskiya abin yana da kyau. Wani jibgegen mutum ne da takobi a baya, kai kake juya shi, ga duwatsu ga daji ga garuruwa. Wani dodo ya tare kogi, ana so ka je ka kashe shi, amma ba mai matsa maka. Na bayyana wa Gambo haka.

“Ka ga, duk inda ka ga dama za ka je. Dimokuraɗiyya ce.”

Ya riƙe abin dannawar kamar an ba shi jaririn wani. “To wa ya aike ni?”

“Ba kowa. Yawo za ka yi don jin daɗi.”

“Haka kawai? Ƙato da gemunsa yana gantali ba aike ba ziyara? A unguwar nan me ake kiran irinsa?”

Da ƙyar ya yarda ya sa ƙaton ya taka. Mutum na farko da ya haɗu da shi wani manomi ne a bakin hanya. Gambo ya tsaya ya danna, na karanta masa: wai gari ya yi kyau yau. Ya ji daɗi, ya ce, “Madalla, ya iyali?” Ya sake dannawa. Gari ya yi kyau yau. Ya sake. Gari ya yi kyau yau.

“Audu, wannan lafiyarsa ƙalau?”

“Iyakar abin da aka koya masa kenan.”

“Ko ya jiki bai ce min ba.”

Akwai dawakai a ɗaure ko'ina, dannawa ɗaya ka hau. Gambo ya ce dokin wa? Na ce na kowa ne. Ya ce bai taɓa jin dokin kowa ba, sai dai na wanda bai gani ba. Haka ya riƙa ratsa ƙasar nan a ƙafa, ni ina hamma. 'Yan fashi suka tare shi, ya yi ta ja da baya yana ba su haƙuri har suka kashe mutumin nasa, gem ɗin ya sake dawo masa da shi. Da ya koyi sara ya kashe ɗaya, na nuna masa yadda ake lalube gawa a kwashi abin da ke jikinta. Ya kalle ni kamar yau ya fara sanina.

“Kai Audu. Ba wanka, ba sutura, sai lalube? Da wa kake yawo a bayan idona?”

Abu ɗaya ne ya ɗan kama shi. Mutanen cikin gem ɗin ba su da aiki sai aike. Wata ta ɓatar da akuya, wani yana son a kai wa ɗan'uwansa saƙo a bayan dutse, wani ganye yake nema. Gambo bai taɓa cewa a'a ba. Dodo yana can yana shanye kogi, shi yana bin akuya a daji. Na ce masa, “Mutumina, an kai ka wata duniyar ma sun gane ka.” Ya yi dariya har da tari. Sai dai yakan ɓata rai idan ya kai saƙo aka miƙo masa lada, wai an mayar da shi ɗan dako, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya gaida gida.

A haka muka ɗan samu sauƙi. Gyambon ya fara tsukewa, Zaituna ta fara yi min godiya ta bayan ƙofa.

Sai aike ya ƙare a garin farko. Ƙofar fita zuwa sauran ƙasar a kulle take, makullin kuma yana cikin wani gida a tsakiyar gari. Gambo ya kai mutuminsa bakin ƙofar gidan ya tsayar da shi, ya gyara murya.

“Salamu alaikum.”

Na ɗauka wasa yake. Ya jira, ya sake yi da ƙarfi.

“Gambo, tura ƙofar kawai za ka yi.”

“Gidan mutane? Ka san ko akwai mata a ciki?”

“Zane ne! Hoto ne!”

“Hoton gidan wani ne dai. Ka ga shanya can a gefe, akwai iyali.”

Ya zagaya ya nemi wanda zai shiga ya yi masa sallama da maigidan, duk wanda ya tara sai ya ba shi labarin gari ya yi kyau. Ya dawo ya tsaya. Na ce ya ba ni in shigar masa, ya ɓoye abin dannawar a ƙarƙashin riga, wai ba za a yi da hannunsa ba kuma ba za a yi a soronsa ba. Kwanaki muna haka. Ya kunna, ya yi sallama uku kamar yadda aka koya mana, ba a amsa ba, ya juya da mutumin ya kashe talabijin. Daga nan sai ido ya koma ƙofar waje. Har na buga wa Salihu ko zai zo ya lallashe shi, ya ce in gaya wa Yaya ya daina ƙauyanci, yana mitin.

Ranar wata Laraba Zaituna ta gaji. Tana tsakar gida tana jin mu. Gambo ya ce, “Salamu alaikum,” sai muka ji murya daga ciki, an maƙale ta kamar ta tsohuwa.

“Wa alaikumus salam! Maigidan ya ce a shigo!”

Gambo ya san muryar matarsa sarai. Ya kalle ni, na kalli rufi.

“To, tunda an yi izini,” ya ce, ya tura ƙofar.

Na yi hamdala a zuci. Ga akwatin makullin can a lungu yana ƙyalli. Amma a ɗaya gefen akwai gado, da wani tsoho a kwance. Gambo bai ko kalli akwatin ba, ya nufi gadon ya danna.

“Me ya ce?”

Na karanta masa yadda yake. Wai tun da ya kwanta ba wanda ya leƙo shi.

Ya sake dannawa, tsohon ya maimaita. Wannan karon Gambo bai ce mutumin ba shi da lafiyar kai ba. Ya bar jibgegen nan da takobinsa tsaye a gaban gado.

“Ɗauki makullin mu tafi,” na ce. “Dodo yana jira.”

“Audu, an ce min Baffa yana kwance a Zaitawa.”

Baffa ƙanin mahaifinsu ne, tsoho mai faɗan tsiya, wanda 'ya'yansa ma sai sun shirya suke zuwa wurinsa.

“Yana da 'ya'ya, Gambo.”

“Wannan ma ai da shanya a gidansa.”

Na yi masa faɗa, Zaituna ta yi kuka, ya ce ya ji, ba inda za shi. Washegari da hantsi tana wanki a ciki, ya zura silifas ɗin alwala ya fice.

Sai bayan azahar aka dawo da shi a kwance a bayan wata motar ɗaukar kaya, bandejin ya zama baƙi, silifas ɗaya babu. A ƙofar wani kemis a Gwammaja aka tsince shi zaune, ya kasa tashi. Na ce me ya kai shi Gwammaja, ba Zaitawa ya tafi ba? Ya ce ya je Zaitawan, sun gaisa, sai Baffa ya ce tunda ga shi ya zo, ya biya ya karɓo masa magani wurin wani mai kemis da ya yarda da shi.

“Kuma ka tafi?”

“To Baffa ne fa.”

Zazzaɓi ya rufe shi. Aka yanke ƙafar, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Ina gefensa a asibiti ya buɗe ido ya tambaye ni ko an kai wa Baffa maganin. Na ce an kai, don da hannuna na kai. Ya ce madalla. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba.

Salihu ya zo zaman makoki da babbar riga, yana gaya wa mutane ya yi iya ƙoƙarinsa, har gem na 'ya'yan manya ya aika wa marigayi. Kafin a share makoki direbansa ya zo ya kwashe kayan, har da wayar wutar da ni na saya na haɗa.

Baffa kuwa ya warke sarai. Na je gaishe shi bayan an kwana biyu, na same shi a ƙofar gida yana cin gyaɗa. Ya ce Gambo yaron kirki ne, duk zuri'ar shi kaɗai ya tako ya duba shi. Sai ya tofar da ɓawo ya matso kusa da ni.

“Amma ka san maganin nan da ya karɓo, ba shi na ce ba. Mai jan kwali na ce masa.”

Na dubi furfurarsa na haɗiye abin da ya zo bakina. Na ce Allah ya ƙara lafiya, Baffa. Sai da na sha kwanar lungun na samu dakalin wani gida na zauna na yi kukana.

Allah ka yi wa Gambo rahama, ka ba Zaituna da 'ya'yansa haƙuri. Ni ma ka ba ni.